FASHIN BAƘI: Yadda 'yar ƙaramar ƙofar rubutu ke iya daskarar da kwamfuta sukutum a cibiyar adana bayanai

Da yawa daga cikin shafukan intanet da manhajojin da jama'a ke latsawa a waya, tun daga na bankuna har zuwa na rajistar jarrabawa, ba su da injin ƙarfe nasu na kansu. Ana ɗaukar babbar kwamfuta guda a cibiyar adana bayanai, a yanka ta gida-gida, kowane yanki ya riƙa aiki tamkar cikakkiyar kwamfuta. Masu wannan sana'a na kiran injin ƙarfen mai masauki, su kuma kwamfutocin kwaikwayon da ke zaune a cikinsa baƙi.

Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi shahara a wannan aiki ita ce QEMU, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003. Tun da aka shigar da KVM cikin Linux a 2007, aka raba aikin gida biyu: KVM na barin baƙo ya yi lissafinsa kai-tsaye a kan injin ƙarfe, QEMU kuma na kwaikwayon na'urorin da baƙon ke zaton yana da su, irin su faifan ajiya da katin sadarwa. A cikin waɗannan na'urori akwai wani rukuni da ba a cika waiwayarsa ba, wato na'urorin da ke karɓa da aika bayanai harafi bayan harafi. Su ne suka fi kowa ƙanƙanta, amma yadda aka tsara sauraronsu kan yanke hukuncin ko kwamfuta za ta ci gaba da numfashi a ranar da abubuwa suka rikice.

Asalinsu tsoho ne. Tsarin Unix ya kasa na'urori kashi biyu: masu ɗaukar bayanai dunƙule-dunƙule kamar faifai, da masu zubo su a jere kamar ruwan famfo, irin injin buga saƙon waya na zamanin da. Kwamfutar IBM ta 1981 ta yi amfani da irin wannan ƙofa, daga baya aka inganta ta da wani guntu mai suna 16550A, wanda mazubinsa bayit 16 kacal yake ɗauka. Har gobe QEMU na kwaikwayon wannan guntu. Ta nan ne cibiyar Linux ta baƙo kan fitar da kalamanta na ƙarshe idan ta faɗi. Ta irin wannan hanya ce kuma manhajojin gudanarwa ke aika wa QEMU umarnin ta tsaya, ko ta ci gaba, ko ta kwashe baƙo zuwa wani inji. Sunan wannan ƙofar umarni QMP.

Kowace irin wannan na'ura fuska biyu gare ta. Ta gaba ita ce wadda baƙo ke gani. Ta baya kuwa ita ce inda haruffan ke faɗawa a wajen mai masauki, ko fayil, ko allon ma'aikaci, ko soket da ya miƙe zuwa wani inji can nesa.

Mai gadi ɗaya, ƙofofi barjat

QEMU ba ta ajiye ma'aikaci a bakin kowace ƙofa ba. Mai gadi guda ta naɗa, wanda ake kira babban zagayen sauraro, an kuma ɗora shi a kan wani rumbun manhaja mai suna GLib. Aikinsa maimaici ne: ya tattara jerin ƙofofin da ake sa ran motsi a cikinsu, ya miƙa wa Linux, ya ce a tashe shi idan wata ta motsa ko wani wa'adi ya cika. Da an tashe shi, sai ya biya wa masu buƙata buƙatarsu ɗaya bayan ɗaya, ya sake komawa jira. Sharaɗin da ya riƙe tsarin gaba ɗaya shi ne kada mai gadin ya daɗe a ƙofa guda. Mai shayin da ya tsaya sai wanda ya miƙa wa kofi ya shanye kafin ya kula na gaba, ba zai kai hantsi da jama'a a bencinsa ba.

A ɓangaren shigowar bayanai, dabarar da aka yi tana da kyau. Kafin zagayen ya saurari wata ƙofa, sai ya fara tambayar fuskar gaba nawa za ta iya ɗauka. Idan mazubin nan na bayit 16 ya cika, amsar sifili ce, sai a cire ƙofar daga jerin sauraro har baƙo ya kwashe abin da ke ciki ya aiko da sanarwa. Da ba a yi haka ba, Linux zai riƙa tashin mai gadin a kan saƙon da ba shi da inda zai zuba, ya yi ta kewaye a banza yana cinye ƙarfin inji.

A ɓangaren fita ne allura ke tono garma. Kowace ƙwaƙwalwar lissafi ta baƙo tana da zaren aikinta daban a cikin QEMU. Da baƙo ya rubuta harafi a tsohuwar ƙofar nan, sai KVM ya dakatar da shi ya miƙa wa QEMU maganar, zaren kuma ya karɓi wani mabuɗi ɗaya tilo, wanda ake kira BQL a taƙaice, kafin ya taɓa na'urar. Wannan mabuɗin ne shi ma babban zagayen ke riƙewa yayin da yake aiki. To, a ƙaddara manhajar da ke karɓar rubutun a ɗaya ƙarshen ta daina karantawa, ko layin sadarwa ya tsinke ba tare da sallama ba. Mazubin mai masauki zai cika, Linux ya ce a dawo an jima.

Hanyoyi uku ne suka rage, kuma babu ta banza a cikinsu.

Ta farko ita ce jira. QEMU na da wani kira da ke maimaita yunƙurin rubutu, yana ɗan rintsawa tsakanin kowane yunƙuri, har sai komai ya fita. Ba a rasa ko harafi ɗaya, amma mai jiran yana riƙe da mabuɗin, saboda haka duk wanda ke buƙatarsa ya tsaya cak, har da zagayen da ke karɓar umarnin ma'aikata. A cikin rubutun wasu na'urorin QEMU, masu manhajar da kansu sun bar gargaɗin cewa wannan kira yana toshe zaren gaba ɗaya, kuma ya kamata a sake rubuta wurin.

Ta biyu ita ce zubarwa. Kwaikwayon 16550A kan nemi zagayen ya sanar da shi idan hanya ta buɗe, ya sake gwadawa 'yan lokuta ƙalilan, in abin ya faskara ya saki harafin ya wuce. Sabuwar ƙofar virtio na iya ce wa baƙo ya dakata da aiko da bayanai, amma ba ta yin hakan ga allon saƙonnin cibiyar Linux, domin direban wannan allo yana rubutu ne riƙe da wani kwaɗo na cikin gida, kuma tsayar da shi na nufin tsayar da baƙon ɗungurungum. Sai aka gwammace a yi asarar rubutu a tsira da kwamfuta. Zaɓi ne mai hujja, ko da yake abin da ake zubarwar kan kasance bayanin da za a nema ido rufe bayan hatsari.

Ta uku ita ce tarawa a gefe har hanya ta buɗe, wadda ita ma gaba kura ce baya sayaki. Firecracker, manhajar da kamfanin Amazon ya fitar a 2018 da harshen Rust, an rage mata na'urori ƙwarai da gangan domin tsaro. Duk da haka, a 2020 aka bayyana wata ɓaraka a cikinta: ma'ajiyar ƙofar harafi na iya kumbura ba iyaka idan aka yi ta tura mata bayanai, tana cin ƙwaƙwalwar mai masauki wadda sauran baƙi ma ke dogaro da ita.

Ranar da mai gadin ya maƙale

Babban abin da ya tilasta sake tunani ya taso ne daga ƙaura. Ana iya ɗauke baƙo daga wani inji zuwa wani yana tsaka da aiki. A ƙarshen 2015, QEMU 2.5 ta zo da wani salo inda baƙo ke fara aiki a sabon masauki tun kafin duk abin da ke ƙwaƙwalwarsa ya iso. Duk shafin da ya nema bai samu ba, sai ya dakata a yi maza a ɗauko daga tsohon gida. Idan layi ya yanke a wannan tsakani, rabin baƙon na nan, rabi na can, babu gidan da ke da cikakkensa. Mafita ita ce a umarci QEMU ta buɗe sabon layi a ci gaba daga inda aka tsaya. Sai dai shi kansa babban zagayen na iya taɓa shafin da bai iso ba ya daskare, ko ya tsaya jiran mabuɗin da ke hannun wani zaren da ya daskare. Umarnin ceton na bakin ƙofa, mai buɗe ƙofar kuma yana cikin waɗanda ake son cetowa.

Injiniyoyin Red Hat, musamman Peter Xu, sun yi aiki a kan wannan a 2018. Suka ware wa ƙofar umarni zarenta da zagayenta na daban, wanda ba ya jiran babban mabuɗi. Aka kuma keɓe wasu umarni ƙalilan da ke da izinin tsallake layi, kamar na farfaɗo da ƙaura, bisa sharuɗɗa masu tsauri: su gama da wuri, kada su nemi mabuɗin, kada su taɓa ƙwaƙwalwar baƙo. Tunda na baya na iya riga na gaba samun amsa, dole kowane irin wannan umarni ya zo da lambar shaida.

Faɗar hakan ta fi yin sa sauƙi. An shafe shekaru ana rubuta sashen na'urorin harafi bisa zaton zagaye ɗaya ne a duniya. Agogon sake ƙulla layi idan ya tsinke, da mai karɓar sabbin masu kira, da musayar gaisuwar sirri ta TLS, duk sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka koya musu tambayar a wane zagaye suke. Inda aka manta guda, zare biyu na iya taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, wani na rufe ƙofa wani na karatu daga cikinta. Irin wannan kuskure ba ya bayyana kullum, shi ya sa kama shi ke da wuya. Har yanzu ba kowace fuskar baya ce ke iya barin babban zagayen ba. A 2021, QEMU 6.0 ta ƙara wani umarni mai suna yank, wanda aikinsa kawai ya fizge layin da ya maƙale da ƙarfin tsiya domin mai jira ya samu kansa.

Me ya shafi wanda ba injiniya ba? Idan wata hukuma ko kamfani ya ce tangarɗar na'ura ce ta tsayar da aiki, maganar na iya zama gaskiya, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tangarɗa kan bar sawu. Tambayar da ɗan jarida ko kwamitin bincike zai iya yi ita ce ina aka zuba saƙonnin allon kwamfutocin, wa ke riƙe da su, kuma tsawon wane lokaci. A wuraren da ake sarrafa QEMU ta hanyar libvirt, akwai wata manhaja mai suna virtlogd da aka ƙirƙiro a 2015 domin kada baƙo mai yawan surutu ya cika faifan mai masauki. Tana ƙayyade girman fayil, ta ajiye tsofaffin kwafi kaɗan, ta shafe wanda ya fi tsufa da zarar sabo ya cika. Kwamfutar da ta faɗi ta kuma yi ta tashi tana sake faɗuwa na iya binne bayanin faɗuwarta ta farko da rubutun da ya biyo baya, tun kafin a kafa kwamitin da zai nemi ganinsa.