Daga Ikko Zuwa Bwari Da Jaka A Goye: Inda Ake Tsimi Da Inda Ba A Yi

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a tashar motar Bwari, cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, zai ga masu ɗaukar kaya iri biyu. Da fari ga matan Gbagyi, watau waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suna shigowa daga ƙauyuka da itace ko doya a kafaɗa, gama su bisa al'adarsu ba su ɗora kaya a ka. Sa'an nan ga samari da 'yammata, wani lokaci har da dattawa, suna saukowa daga mota, kowa da 'yar jakarsa a goye, idanu sun yi ja don rashin barci, suna tambayar hanya. Waɗannan baƙi ne. Da yawansu kwana suka yi a hanya daga Ikko, ko Badun, ko Anaca, ko Fatakwal, kuma kuɗin da ke aljihunsu ƙidayayye ne.

Abin da ke kawo su ba ɓoyayye ba ne. A Bwari hedkwatar hukumar JAMB take, wadda aka kafa cikin 1978 don shirya jarrabawar shiga jami'o'i. Har ila yau a nan ne babbar Makarantar Horad da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ikko cikin 1962, aka maido hedkwatarta Bwari cikin 1997. Saboda haka garin ya zama mahaɗar mutanen da ba su taɓa taka wannan yanki ba.

Cikinsu kuwa har da 'ya'yan mutanen Arewa mazauna Kudu. Yaron da aka haifa a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Shagamu, Hausa ce a bakinsa, amma Arewa a labari kawai ya san ta. Ran da tafiya ta kama shi, ƙasar ubansa baƙuwa ce a gare shi. Ƙasar kuwa ba ƙarama ba ce. Faɗin Nijeriya ya kai murabba'in kilomita 923,768, tsakanin Ikko da Abuja kuma akwai fiye da kilomita 700. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, tambayar da ke bakin kowa ita ce: yaya mai ɗan guzuri zai ratsa ƙasar nan ya isa lafiya?

Ba Sabon Abu Ba Ne

Samarin Turai sun yi suna wajen irin wannan tafiya. Cikin shekarun 1960 da 1970 sukan goya jaka su bi ta Turkiyya da Iran da Afganistan har Indiya, suna kwana inda ya fi araha, kafin hanyar ta toshe cikin 1979. Amma Bahaushe ba shi da abin koyo a nan, gama kakanninsa sun riga su. Fatake sun yi ta zarya daga Kano zuwa Gwanja neman goro, madugu na gaba, ayari na biye, suna sauka zango zango. Alhazan ƙasa kuma sun bi ta Maiduguri da Cadi da Sudan a ƙafa, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi aikin auduga a Jazira, su tara, su ƙara gaba, wani sai ya shekara da shekaru kafin ya ga Makka.

Ko a zamanin nan an gani. Cikin watan Afrilu 2015, Malam Suleiman Hashimu, ɗan asalin Jihar Katsina, ya taka daga Ikko har Abuja a ƙafa cikin kimanin kwana 18, don cika alkawarin da ya yi in Janar Muhammadu Buhari ya ci zaɓe. Inda dare ya yi masa nan yake neman masauki.

Abin lura a nan shi ne, ba yawan kuɗi ya kai waɗannan mutane inda suka nufa ba. Jama'a ce ta kai su. Zango, da masallaci, da mai masauki, su ne jarin matafiyi.

Hanya Biyu Ce

Mai tashi daga Ikko yana da manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta Badun, Ife, Akure, Owo, Okene, Lokoja. Bayan Lokoja sai a ƙetare Kwara ta gadar Murtala Muhammed kusa da Koton Karfe, a wuce Abaji da Gwagwalada a isa Zuba. Ta biyu ita ce tsohuwar hanyar Arewa: Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, a haye gadar Jebba, sai Mokwa, Bida, Suleja. Motocin fasinja sun fi bin ta Lokoja. Masu tasowa daga Fatakwal da Anaca da Benin su ma a Lokoja suke haɗuwa da na Ikko.

Daga Zuba, ba sai mutum ya shiga tsakiyar Abuja ba, inda kome ke da tsada. Sai ya nemi motar Kubwa, daga nan Dutsen Alhaji, daga Dutse kuma hanya ta miƙe ta hau tudu har Bwari. Mai son wucewa Arewa daga nan, akwai hanyar da ta fita ta Jere cikin Jihar Kaduna. Akwai kuma tashar jirgin ƙasa a Kubwa, a kan layin Abuja zuwa Kaduna wanda aka buɗe cikin 2016.

Kafin a ɗaura tafiya ma, ya kamata a bincika ko tafiyar ta zama dole. Hukumar JAMB tana da ofisoshi a jihohi, kuma akwai matsalolin da a can ake warware su. Zuwa da kai ya fi aike, gaskiya ne, amma kada a tsallake ofishin da ke kusa a ɓad da kuɗin mota a banza.

Inda Ake Tsimi

Wurin tsimi na farko shi ne ciki. Abincin bakin hanya, musamman inda manyan motoci ke tsayawa, ya fi na cikin gari tsada, gama mai sayarwa ya san fasinja ba shi da zaɓi. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, da soyayyar gyaɗa, da dabino, da ɗan ƙilishi in da hali, sun isa su riƙe mutum kwana biyu, ba su kuwa lalacewa da wuri.

Na biyu shi ne kaya. Jaka ɗaya tak wadda mutum zai iya goyawa ya ɗora a cinya cikin mota. Da zarar kaya sun kai a sa a but, to, an shiga ciniki da 'yan kamasho, ga kuɗin dako duk inda aka sauya mota. Tufafi kala biyu, da mayafi, da darduma, da tocila, da sabulu, da cajar waya, da maganin da mutum ya saba sha, sun wadatar.

Na uku shi ne masauki, kuma a nan ne tsohuwar al'ada ke da rana. Da wuya a sami babban gari a Kudu ko tsakiyar ƙasa wanda ba shi da unguwar Hausawa da Sarkin Hausawa. Sabon Badun ma tun 1916 aka kafa shi. Matafiyin da zai kwana a hanya, in ya sa dattijon unguwarsu ya buga waya tun kafin ya tashi, zai tarad da mai jiransa. Amma a lura, zamani ya sake. Masallatai da yawa ana kulle su bayan sallar lisha, kuma baƙon da ba wanda ya san shi ba lalle a bar shi ya kwana ba. Sai a fara gaida liman ko ladan, a faɗi daga inda aka fito da wanda ya turo mutum. A Bwari kanta sarauta biyu ce, da Esu na Gbagyi da Sarkin Bwari, don haka baƙo ya kama bakinsa daga maganar da bai san tushenta ba.

Inda Ba A Tsimi

Akwai kuma wurin da tsimi ke zama asara. Mafi arahar hanyar zuwa Arewa ita ce hawa bayan tirela, ko motar shanu da ta sauke kaya za ta koma, ko saman buhuna. Kowa a Kudu ya san wannan, da yawa kuma sun yi. Hukumar Kiyaye Haɗarin Hanya, wadda aka kafa cikin 1988, ta sha yin gargaɗi a kan gwama mutane da kaya, gama in motar ta kife, na sama ba su da abin kamawa.

Bayan haɗari kuma ga zargi. Cikin watan Maris 2025, waɗansu mafarauta 'yan Arewa sun taso daga Fatakwal cikin babbar mota za su gida yin Salla. Da suka iso Uromi ta Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare su, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je har Kano ta'aziyya, amma ta'aziyya ba ta maido da rai. Laifin na waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu ne, ba na matafiyan ba. Duk da haka darasin a fili yake: a ƙasar da tsoro ya cika zukata, baƙon da ba ya jin harshen gari, ba takarda a hannunsa, yana cikin hatsari.

Saboda haka kada a bar katin shaidar ɗan ƙasa a gida, ko katin ƙungiyar sana'a, ko takardar makaranta. Kada a riƙe wani abu mai kama da makami. A shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wayar ɗan'uwansa, ko da kuɗin ya ɗara na bakin titi. A kewayen Abuja musamman, akwai ɓarayin da ke cika mota kamar fasinjoji, su ɗauki mutum a bakin hanya su yi masa ƙwace. Ragin da aka samu a titi bai kai wannan ba.

Sai maganar dare. Motar dare ta fi sauƙin kuɗi, tana kuma hutad da mutum biyan masauki, amma ta kan sauke shi a lokacin da ba shi da mai tambaya. Cikin Janairu 2024 masu garkuwa da mutane sun addabi unguwannin da ke gefen Bwari har an yi asarar rayuka. Wanda ya iso Zuba da tsakar dare, gara ya zauna cikin tasha tare da jama'a sai gari ya waye. Kuɗi kuma a raba su gida uku: na kashewa a aljihu, na komawa a ɓoye, saura a banki. Waɗanda ƙarancin takardun naira ya rutsa da su a hanya farkon 2023 sun san amfanin riƙe ɗan tsaba a hannu.

Ribar Tafiya

Wanda ya kiyaye waɗannan, ba isa kawai zai yi ba, zai ga ƙasarsa kyauta. A Lokoja ga mahaɗar Kwara da Binuwai. Kusa da Zuba ga Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100. A ƙasar Bwari ga madatsar ruwa ta Usuma da ke shayad da Abuja, ga kuma Ushafa, garin masu ginin tukwane, inda Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara cikin Agusta 2000. Yaron Agege da ya ga waɗannan da idonsa, ya ji Yarabanci ya koma Igbirranci, Igbirranci ya koma Gwaranci, ya koma gida da abin da ba a koyarwa a aji. Tafiya mabuɗin ilmi, in ji Hausawa.

Saura ga iyaye da shugabannin zango na Kudu. Kafin yaro ya goya jaka, a duba takardunsa, a ba shi sunan wanda zai sauka wurinsa, a kuma cika masa kuɗin motar tasha ko da za a rage na abinci. A tsuke ciki, a rage kaya, a nemi masauki wurin 'yan'uwa, amma kada a yi ciniki da rai. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.