Ƙanƙarar mangwaro a gida: Abin da ke sa ta yi laushi ko ta zama dutse

Daga ƙarshen watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas, shi ne kuma lokacin da mangwaro ke cika gari. Motoci na sauke shi a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, masu baro na yawo da shi layi-layi, wanda ya nuna sosai kuwa in ya ƙara kwana biyu sai dai a zubar. To, wannan da ya yi luguf, wanda mai sayarwa ke neman kai da shi, shi ne ya fi dacewa da ƙanƙara.

Sai dai kukan masu gwadawa a gida kusan iri ɗaya ne. An markaɗa, an ƙulla a leda, an sa a firiza, washegari sai a ciro abu kamar dutse. Yaro ya tsotse zaƙin cikin minti biyu, ya bar farar ƙanƙara a hannu.

Galibi laifin na ruwa ne. Zallan ruwa yana daskarewa a maki sifili, kuma in aka bar shi ya daskare a hankali yakan haɗu ya yi manyan tsatsa masu tauri. Sukari ne ke hana hakan, domin ruwan da sukari ya narke a cikinsa yana buƙatar sanyi fiye da na zallan ruwa kafin ya daskare. Saboda haka ko a firiza mai kyau, wadda sanyinta ke kai maki 18 ƙasa da sifili, wani ɓangare na haɗin yakan zauna da ɗan danshi. Danshin nan ne laushin da harshe ke ji. Naman mangwaron ma yana taimakawa, don kaurinsa na shiga tsakanin tsatsar ya hana su girma. Mai ƙara ruwa domin kayan su yi auki, da hannunta take cire laushin.

Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kofi 4 na markaɗaɗɗen mangwaro, kofi 1 na sukari. In mangwaron mai zaƙi ne sosai irin binta siga, a rage sukarin kaɗan. A feraye, a yanka naman, a markaɗa ba tare da ruwa ba, ko da ɗan abin da zai motsa na'urar kawai. In mai zare ne a tace da rariya. A matse lemon tsami ɗaya ko biyu, a sa gishiri ɗan mitsitsi, a juya har sukarin ya narke. A nan uwargida ta ɗanɗana: ya kamata ta ji zaƙin ya ɗan zarce, domin sanyi yana rage wa harshe jin zaƙi. Amma kada a wuce gona da iri. Sukari in ya yi yawa, haɗin ba zai kama ba ko ya kwana.

A zuba a faranti mai faɗi maimakon roba mai zurfi, ya fi saurin kamawa. Bayan minti 40 zuwa awa ɗaya gefe-gefen zai fara daskarewa, sai a kankare shi da cokali mai yatsu zuwa tsakiya, a mayar. A maimaita sau uku ko huɗu. Haka mutanen tsibirin Sisili na Italiya ke yin tasu da suke kira giranita. Mai son ta leda, bayan kankarewa ta biyu sai ta ƙulla.

Ayaba ma tana ba da laushi. In aka yanka nunanniya aka daskarar, sannan aka markaɗa ta tare da mangwaron, ana samun abu kamar askirim ko ba a sa sukari ba. Abarba da gwanda kuwa a yi hattara da su wajen madara. Ɗanyensu na ɗauke da sinadarin da ke farfasa furotin, shi ya sa in sun jima a cikin madara sai ta tsinke ta yi ɗaci. A tafasa abarbar na 'yan mintuna ta huce tukuna, ko a yi ta ba madara, da ɗan citta, wanda a ganina ma ya fi daɗi.

In babu wuta fa?

Akwai tsohuwar dabara da ta girmi firiza nesa ba kusa ba. In aka barbaɗa gishiri a kan fasasshiyar ƙanƙara, tana narkewa tana zuƙe zafin duk abin da ke kusa da ita, har sanyin ya iya kai kimanin maki 21 ƙasa da sifili. Da ita Indiyawa suka daɗe suna daskarar da kulfi a cikin tukunyar ƙasa, da ita kuma injin juyawa da hannu da wata Ba'amurkiya, Nancy Johnson, ta yi wa rajista a 1843 yake aiki.

A gida, a sayo ƙanƙara wajen masu sayarwa, a farfasa, a zuba a kula ko babbar leda da gishiri, kashi ɗaya na gishiri ga kashi uku ko huɗu na ƙanƙara. A ƙulla haɗin mangwaron kofi ɗaya-ɗaya a leda biyu don kada ruwan gishiri ya shiga, a tura ciki, a riƙa girgizawa na minti 10 zuwa 15. A naɗe hannu da tsumma, sanyin yana iya ƙona fata. Yara kan yi rububin wannan aikin.

Abin da ba a wasa da shi shi ne tsabta, musamman ga masu ƙullawa domin sayar wa 'yan makaranta. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi, da an narke su farka. Ruwan da ba a yarda a sha shi ba, ba a yarda a yi ƙanƙara da shi ba, ga shi kwalara da taifot ta gurɓataccen ruwa da abinci suke kama mutum. A tafasa ruwan, a wanke mangwaron kafin a feraye, kuma kada a hura leda da baki don ta buɗe.

In aka ɗauke wuta, a daina buɗe firiza. Wadda ke cike takan riƙe sanyinta kusan kwana biyu, wadda ke rabi kuwa kwana ɗaya, a zafin bazara ma kada a dogara da cikar hakan. Ƙanƙarar da ta saki amma har yanzu akwai tsatsa a cikinta ana iya mayar da ita, ko da yake za ta fito da tauri fiye da da. Wadda ta narke gaba ɗaya, in da sanyinta, a juye a kofi a shanye a matsayin lemo. Mai madara da ta narke ta yi sama da awa biyu ba sanyi, zubar da ita za a yi, komai tsadar madarar.