Aninin kaka da launin jabu: Dalilin da ya sa gogewa ke kashe darajar tsohon kuɗi

A Aderbissinat, garin makiyaya da ke kan hanyar Agadas zuwa Damagaram, kimanin kilomita 160 kudu da Agadas, tsohon kuɗi bai gama aiki ba. Wanda aka daina saye da shi ya koma wuyan mata, ko kitson 'yan mata, ko ƙasan adaka tare da sauran kayan gado. Akwai liyari na azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, akwai tsohuwar dalar Faransa, akwai kuma kwabo da anini masu huji waɗanda fatake suka riƙa shigowa da su daga Kano a zamanin Turawan Ingila.

Yanzu da waya ta sa matashi zai iya ɗaukar hoton irin waɗannan kaya ya tallata su ga mai saye a Yamai ko Faris, abin da yawanci ke fara zuwa masa a rai shi ne ya wanke su da toka da lemun tsami ko tsamiya, su yi fes. A wurin masu tara tsofaffin kuɗi kuwa, wannan wankin shi ne babbar ɓarna. Launin da shekaru suka bari a jikin ƙarfen suke biya, kuma saboda ana biyansa ne aka samu masu ƙirƙirar na jabu.

Daga ina launin yake fitowa?

Ƙarfe yana cuɗanya da iska da danshi da duk abin da aka ajiye shi a ciki. Idan azurfa ko jan ƙarfe ya haɗu da sinadarin farar wuta, wanda ake samu a hayaƙi da ƙwai da roba da wasu takardu, sai wani siririn rufi ya fara hawa a fuskarsa. Kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Haske idan ya faɗa a kai, wani ya dawo daga saman rufin, wani daga ƙarfen da ke ƙasa, haɗuwarsu ce ke ba ido launi, kamar yadda ɗigon baƙin mai ke yin bakan gizo a kan ruwan kwata. Da rufin ke ƙara kauri, launin yana tafiya bi da bi: ruwan zuma, sannan ja-ja mai shunayya, sannan shuɗi, daga ƙarshe ya rine ya koma baƙi.

Nikel ya fi azurfa taurin kai. Kuɗin da aka yi da haɗin jan ƙarfe da nikel ba ya saurin sauya launi, kuma in ya sauya, galibi launin mai sanyi ne: ruwan zinari mara ƙarfi, shuɗi-shuɗi, ko ruwan toka. Dala ashirin ta sefa da Babban Bankin BCEAO ya fara bugawa a 1967 nikel ce zalla, shi ya sa za ka ga ta shekara 40 tana yawo a hannu, ta suɗe amma ba ta rine ba.

Anini kuwa, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, da sanholo aka fara buga shi a 1907. Bai jure yanayin ƙasarmu ba, sai a 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Tauraro mai tsini shida da ke jikinsa da hujin tsakiya sun sa ya zama abin ado tun yana kuɗi, sunansa kuma ya zauna a baki: har yau ana cewa “ba ni da ko anini”, kuma tauraron kafaɗar hafsan soja ma anini ake kiransa. Akwai na 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a Disambar shekarar. Masu tarawa suna son sa saboda tarihinsa, duk da cewa an buga shi da yawa.

Yadda abin ya zama rigima a Amurka

Inda wannan magana ta fi zafi shi ne Amurka. Sulallan santi biyar na can, waɗanda suke kira nikel, tun 1866 ake yin su da kashi 75 na jan ƙarfe da kashi 25 na nikel, in ban da lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1945, da aka cire nikel ɗin don aikin makamai aka sa azurfa kashi 35. Kasuwarsu ba ta wasa ba ce: a 2018 an sayar da ɗaya daga cikin guda biyar kacal da aka sani na wani samfurin 1913 a kan dala miliyan 4.56.

Masu tarawa na can sun daɗe suna jera kuɗinsu a cikin kundaye na kwali. Takardar kwalin na da farar wuta, don haka bayan shekaru da dama sai a buɗe a tarar launi ya zagaye gefen kuɗin yana shiga tsakiya a hankali. Da irin waɗannan suka fara tsada fiye da farare a wajen gwanjo, sai aka samu waɗanda ake yi wa laƙabi da “likitocin kuɗi”. Su ba sa jiran shekara 50. Wuta suke sa wa kuɗin, ko su turara shi da hayaƙi, ko su tsoma shi a ruwan sinadari, cikin mintuna ya fito da launi.

Kamfanoni biyu ne suka fi suna wajen tantancewa: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC a 1987. Idan suka yi shakkar launin kuɗi, ba sa ba shi makin daraja. Sai su rufe shi da shaidar cewa kuɗin na gaske ne amma launinsa abin tuhuma ne, kuma wannan shaidar kaɗai ta isa ta karya farashinsa. Haka suke yi wa wanda aka goge. A 2010 kamfanin da ya mallaki PCGS ya kai ƙarar wasu mutane kotu bisa zargin gyara kuɗi don yaudarar masu tantancewa, kuma a shekarar ne ya fito da na'urar da ke gano sinadaran da aka shafa wa ƙarfe.

Duk da haka iyakar ba a fili take ba. Mutumin da ya sa kuɗi a ambulan mai farar wuta ya manta da shi shekara 30, da wanda ya sa shi da gangan ya ajiye a rana na wata uku, sinadari ɗaya ne ya yi musu aiki. Bambancin yana cikin niyya da tsawon lokaci, ita kuwa niyya babu gilashin da ke nuna ta. Shi ya sa ƙwararrun kansu sukan saɓa a kan kuɗi guda.

A Agadas, tsufan ake saya

A arewacin Nijar maganar ta fi shafar kayan ado. Maƙeran farin ƙarfe na Abzin sun daɗe suna narka liyari da dalar Faransa suna ƙera zobe da munduwa da shahararren abin wuyan nan da duniya ta sani da sunan Agadas. Lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke cika garin, kafin tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 su durƙusar da harkar, baƙi da yawa sun fi son abin da ya yi kama da na gado a kan sabo mai ƙyalli. Yanzu cinikin ya koma intanet, inda mai saye hoto kawai yake gani, kuma a cikin masu sayen akwai 'yan ƙasa mazauna waje da ke neman abin tunawa da gida.

A nan dole a yi wa maƙera adalci. Baƙanta layukan zane don ado ya fito sarai aiki ne na sana'a, ana yin sa a ko'ina a duniya, kuma ba algus ba ne. Algus yana farawa ne idan aka ce wa mai saye abin da aka ƙera bara na kakar kaka ne. Mafi muni shi ne a ɓoye ƙarfen kansa a ƙarƙashin baƙin. Akwai haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya wanda ke kama da azurfa sak, amma babu ko ɗigon azurfa a cikinsa. Mayen ƙarfe ba ya raba gardama a nan, domin ba ya kama azurfa, ba ya kama wannan haɗin ma. Ruwan gwaji na maƙera ko awo ne ke rabawa.

Liyari shi ma yana da tasa yaudarar, wadda ba laifin kowa ba ce. Kusan duk wanda za ka gani 1780 ne a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombay, sama da miliyan 300, har yau ma ana buga shi a Ostiriya. Nauyinsa giram 28 ne da ɗoriya kaɗan, azurfarsa kashi 83 cikin 100. Duk wanda ya ce maka 1780 ɗin shaidar tsufa ce, ko bai sani ba ne ko yana son ya ci da kai.

Abin da ido zai duba

Launin asali yana bin jikin kuɗin. Wuraren da suka yi tudu, kamar kuncin sarauniya ko tsinin tauraro, sun fi haske saboda taɓawa, kwarin da ke tsakanin haruffa kuma ya fi duhu. Launukan suna narkewa cikin juna ba tare da iyaka mai kaifi ba, kuma idan ka juya kuɗin a hasken rana za ka ga sheƙin ƙarfen yana fitowa daga ƙasa. Na jabu yakan zauna a sama kamar fenti. Yana haye tudu da kwari bai damu ba, yana taruwa wuri guda kamar ruwan da ya bushe, kuma sau da yawa shuɗin ko shunayyar ta cika ƙarfi, musamman a kan nikel da aka san ba ya saurin rina. Idan aka ga ƙananan layukan guga a ƙarƙashin launin, an goge kuɗin ne sannan aka rufe tabon.

Abin da aka rataya a wuya ya fi sauƙin ganewa. Zare yana cin ƙarfe a hankali, don haka hujin abin da aka daɗe ana sawa yakan suɗe ta gefe guda ya daina zama da'ira, bayansa kuma ya yi santsi saboda gugar jiki da tufa. Hayaƙi da ƙwai suna kawo baƙi cikin kwana ɗaya, amma ba sa cin huji.

Busasshiyar iskar Aderbissinat alheri ce ga ƙarfe, domin danshi ne ke hanzarta lalacewa. Abokan gabarsa a irin wannan wuri su ne gumi mai gishiri, da rairayi mai karce, da jakar fata. Fatar da aka jeme takan sa kuɗi mai jan ƙarfe ya fitar da wani kore mai danƙo, kuma wannan koren ba ado ba ne, ƙarfen yake ci. Leda mai laushi ma takan yi haka idan an daɗe.

Kada kuma wani ya ɗauka gwangwanin aninin gidansu zai saya masa mota. An buga su da miliyoyi, yawancinsu ba su wuce kuɗin abinci ba, sai ɗaiɗaikun shekaru da waɗanda ba su taɓa shiga hannu ba. Ana duba shekara, da ƙaramin harafin H ko KN da ke nuna masana'antar Birmingham da ta buga shi. Mai son ya san darajar nasa sai ya riƙe shi ta gefe, ya ɗauki hoton fuska biyu a hasken rana, ya auna nauyinsa, ya naɗe kowane ɗaya daban a ƙyallen auduga mai tsabta, sannan ya tambayi mai saye fiye da ɗaya kafin ya yarda a ɗora shi a sikelin maƙera.