N'Djamena: Yadda ake kare fenti da cikin mota daga ƙura da zafin rana

A N'Djamena, mota na iya kwana fes ta wayi gari da ƙura a jiki. Daga Disamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodélé da ke arewacin Chadi, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Da hunturu ya wuce sai bazara, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Waɗannan biyun ne ke cinye fenti da kujeru, su karya darajar mota ranar da mai ita ya tashi sayarwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kaɗe ƙura da busasshen tsumma da safe. Ƙurar nan tana da ƙananan ƙwayoyin yashi, kuma goga ta a bushe tamkar dirza fenti da yashi ne. Sannu a hankali sheƙin ya dushe, zane-zane su bayyana a rana. Abin da ya dace shi ne a fara watsa ruwa ya sauke ƙurar, sannan a sa soso mai laushi, daga rufi zuwa ƙasa, tayoyi a ƙarshe. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin ya koma jikin mota.

Omo da sabulun wanke-wanke suna cire man da ke kare fenti, don haka sabulun mota ya fi. A yi wankin a inuwa, da sassafe ko da yamma, domin ruwa kan bushe nan take a kan ƙarfe mai zafi ya bar tabo. Bayan wanki a tsane da tsumma mai tsabta, a shafa man goge fenti duk bayan wata uku, musamman kafin hunturu.

Inuwar dogon yaro tana da amfani, amma kashin tsuntsaye na cin fenti idan rana ta gasa shi. A jiƙa shi da ruwa ya yi laushi, a ɗauke, kada a kankare. Tamfol kuma kada a lulluɓa shi kan mota mai ƙura, domin iska za ta riƙa goga shi a jiki.

A ciki, zafin motar da aka rufe a rana na iya wuce digiri 60, abin da ke tsattsaga dashbod da kujerun fata. A sa abin kare rana ko kwali a gilashin gaba. Kada a bar waya, turaren feshi ko leta, balle yaro, ko na minti kaɗan ne. A kaɗe shimfiɗun ƙafa kowane mako, a goge dashbod da ɗanyen tsumma, a riƙa duba filtar na'urar sanyaya iska, wadda ƙura ke toshewa da wuri.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, laka ce matsalar. Duk wanda ya ratsa titunan unguwanni irin su Walia ko Diguel bayan ruwan sama, ya sa a wanke masa ƙarƙashin mota da bakin tayoyi, inda tsatsa ke farawa. Idan ruwa ya shiga ciki, a fitar da kafet a shanya ya bushe sarai kafin a mayar.