Kiwon Murjani a Gida: Tanadin Ruwa da Bututu

Masunta a ƙasar Karaye sun saba da karfasa da tarwadar madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Ruwanta ba shi da gishiri. Shi kuwa murjani, wanda jama'a ke ɗauka dutsen ado ne kawai, ƙananan dabbobin teku ne ke gina shi. Mai son rayar da su cikin akwatin gilashi sai ya narka gishirin teku giram 35 a kowace lita.

Akwati mai cin lita 1,000 ya haura tan guda, don haka daɓen siminti ne mazauninsa. Bututun roba ake sawa, domin jan ƙarfe guba ne ga murjani. A ƙarƙashi ake girke tankin tace ruwa, inji yana mayar da ruwan sama. Nan haɗarin yake: da an ɗauke wuta, ruwan bututu zai gangaro gaba ɗaya, tankin da ba a bar wa sarari ba sai ya malale ɗaki.

Zafin bazara a Karaye da Rogo ya fi ƙarfin murjani, mai son digiri 25 zuwa 27, tilas a tanadi na'urar sanyaya ruwa. Abin da ya ƙafe kuma, da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa, saboda gishiri ba ya bin tururi.