Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Tseren Dogon Zango a Kan Tsaunuka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Lafiya zuwa Akwanga ya ga tsaunukan Eggon sun tokare sama a gefen titi, kusa da garin Nasarawa Eggon. Na sha kallonsu ta tagar mota ba tare da na kawo komai a raina ba, sai a watan Nuwamban 2023 da mu bakwai, abokan motsa jiki, muka yanke shawarar mu yi tseren kilomita 21 a hanyoyin ƙafa da ke ratsa su. A lokacin na kai shekara biyu ina sassarfa a titunan Lafiya, kuma kilomita 15 ba ta gagarata. Don haka na ɗauka shiri ya riga ya kammala. Ashe ban ma fara ba.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake shirya wa irin wannan tsere, musamman ga wanda ke zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zafi irin tamu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, gudun titi daban, gudun tsauni daban, kuma gangara ta fi hawa cin mutum.

Wane Irin Tsere Ne?

Bahaushe na kiran gudun dogon zango da suna gudun yada ƙanin wani, wasu kafafen watsa labarai kuma su ce gudun fanfalaƙi. Wanda aka fi sani shi ne na kan kwalta mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Wanda nake magana a kai kuwa ana yin sa ne a karkara, a kan turba da burtali da hanyar gona, a hau tudu a faɗa kwari, a tsallake kwazazzabo da rafi. Ɗalibin harshe zai lura cewa Hausa ba ta rasa sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba. Wasan ne baƙo, amma ƙasar da ake yin sa a kanta tamu ce.

Mafi shaharar wannan tsere a duniya shi ne wanda ake zagaya tsaunin Mon Bulan, aka fara shi a 2003. Ana tashi daga garin Shamoni na Faransa, a ratsa Italiya da Suwizalan a dawo, tafiyar kimanin kilomita 170, kuma idan aka tara hawan da ke cikinta ya kai kimanin mita 10,000. A nan gida Nijeriya, gwamnatin Jihar Kuros Riba ta ƙirƙiro tseren tsaunin Obudu a 2005, zamanin Gwamna Donald Duke. Tsawonsa kimanin kilomita 11 ne, da hawan mita 800 ko fiye da haka kaɗan, kuma a shekarun da ya yi tashe wanda ya zo na ɗaya kan karɓi dala 50,000. 'Yan Habasha da Kenya ne suka fi kwashe wannan kyauta. Akwai kuma tseren Okpekpe na Jihar Edo da aka fara a 2013, mai kilomita 10, wanda ko da yake a kan kwalta ake yin sa, hawa da gangara ne ke wahalar da masu shiga. Ba mamaki ba ne da ya zama yawancin gwanayen dogon zango na ƙasar nan 'yan Jihar Filato ne, musamman yankin Pankshin, inda yaro ke tashi yana hawan dutse tun yana zuwa ɗiban ruwa.

Masu shirya irin wannan tsere suna da wani lissafi mai sauƙi: kowane hawan mita 100 ana ɗaukarsa tamkar ƙarin kilomita ɗaya a shimfiɗe. Ke nan tseren kilomita 21 mai hawan mita 900 daidai yake da wahalar kilomita 30. Da na san wannan lissafi tun farko da ban yi abin da na yi ba.

Abin da Ya Same Ni

Mun tashi da sanyin safiya. A hawan farko na zuba ƙarfina duka don kada a bar ni a baya. Wani dattijo da muka wuce, da fartanya a kafaɗa, ya dube ni ya ce, "Samari, ku yi a hankali, saukowar ce mai wuya." Na ce, "To Baba, mun gode," amma a zuci dariya na yi, don ina ganin ai gangara hutu ce.

Da muka juyo sai na saki jiki ina zabga dogayen taku. Kafin mu kai kilomita ta 14 cinyoyina sun fara rawa, yatsun ƙafata suna dukan bakin takalmi, ruwan gorata ya ƙare. A kilomita ta 16 na zauna a gindin wata ɗorawa na kasa tashi. A kan babur ɗin wani manomi aka sauko da ni bakin titi. Kwana uku ina sauka daga matakalar ajinmu da baya da baya, daga bisani kuma farce biyu suka yi baƙi suka fita. Wannan kunya ce ta sa na zauna na yi bincike.

Me Ya Sa Gangara Ke Cin Mutum?

Idan mutum yana hawa, tsokar cinya tana tsukewa ne ta ɗaga jiki. Huhu da zuciya ke shan wuya, shi ya sa ake haki, kuma hakin kansa kan tilasta wa mutum rage sauri. A gangara kuwa tsokar gaban cinya birki take takawa: tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyin jiki a kowane taku. Wannan aiki yana yi wa zaren tsoka ƙananan yagewa da ido ba ya gani. Tunda ba haki, babu abin da zai gargaɗi mutum har sai ɓarna ta auku. Ciwon ma ba ya kai ƙarshen tsananinsa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Masu shiga tseren Kwamred na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, tafiyar kusan kilomita 90, sun san wannan sarai. Akan juya alkiblar tseren, wata shekara a hau, wata a gangaro, kuma sanannen abu ne a tsakaninsu cewa shekarar gangara ta fi barin ciwo a ƙafa.

Abin farin ciki shi ne tsoka tana koyo. Idan aka yi atisayen gangara sau ɗaya aka huta, na biyu ba ya yin ɓarna kamar na farko, kuma wannan kariya takan ɗauki makonni. Saboda haka dole a koya wa ƙafa gangara tun kafin ranar tsere.

Tsarin Atisaye

Wanda ya riga ya saba da gudun kilomita 10 yana bukatar makonni 12 zuwa 16. Wanda bai taɓa gudu ba ya fara da tafiya da sassarfa tukuna. Ni kwana huɗu nake fita a mako, kamar haka:

Rana biyu sassarfa ce mai sauƙi ta minti 40 zuwa 50. Ma'auninta shi ne mutum ya iya hira da abokinsa yana gudu. In magana ta gagara, sauri ya yi yawa.

Rana ɗaya ta hawa ce. A Lafiya ba mu da tsauni a cikin gari, don haka nakan nemi matakalar bene ko wani ɗan tudu, in hau da ƙarfi na minti ɗaya ko biyu, in sauko a hankali, sau shida. Bayan makonni nakan kai sau goma.

Rana ɗaya, galibi Asabar, ta dogon zango ce. A nan lokaci ake ƙirgawa, ba kilomita ba. Na fara da awa ɗaya da rabi, na riƙa ƙarawa har na kai awa uku. Sau biyu a wata mukan shiga mota mu je tsaunukan kansu, domin matakala ba ta koya wa ƙafa taka tsakuwa mai zamewa.

Kada ƙarin da ake yi a mako ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon da ya gabata, kuma kowane mako na huɗu a sassauta. Sau biyu a mako a yi aikin ƙarfafa ƙafa: tsugunawa da tashi, hawa kan benci da saukowa a hankali da ƙafa ɗaya, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya don idon sawu ya yi ƙwari.

Game da salo, idan hawa ya yi tsayi a daina gudu, a dafa gwiwa da hannu a yi tafiya mai sauri. Manyan gwanayen duniya ma haka suke yi, ba abin kunya ba ne. A gangara a gajarta taku a yawaita shi, kada a jingina da baya, a buɗe hannuwa don daidaita jiki, ido kuma ya riƙa kallon taku uku ko huɗu a gaba, ba kan yatsu ba.

Zafi, Ruwa da Abinci

Lafiya tana cikin kwarin Binuwai, zafinta kuwa a watannin Maris da Afrilu ba sai an faɗa ba. Lokacin fita shi ne bayan asuba ko gab da faɗuwar rana. Jiki kan saba da aiki cikin zafi a kwana 10 zuwa 14, in an bi a hankali.

Don sanin yawan gumin da ake zubarwa, a hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kimanin lita ɗaya ce ta ruwa. Sai dai yawan shan ruwa zalla ma haɗari ne, domin yana tsarma gishirin jini har mutum ya rikice ko ya suma. A sha gwargwadon ƙishi, kuma a doguwar tafiya a haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa.

Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ana aiki mai ƙarfi. Masana na ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na abinci mai ba da kuzari a kowace awa. Ayaba guda matsakaiciya tana da kimanin giram 25. Ba sai an sayi na kanti mai tsada ba: dabino da ayaba da dafaffen dankali mai ɗan gishiri sun wadatar. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa suna da kyau bayan an gama, amma ana cikin gudu suna nauyi a ciki. Duk abin da za a ci ranar tsere a gwada shi tun a atisaye.

Takalmi da Tsaro

Takalmin tsauni shi ne mai haƙora a tafinsa don ya kama ƙasa. Ko a gwanjo ana samunsa in an duba da kyau. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsu da bakin takalmi, a ɗaure igiya tamau, a yanke farce. Rashin wannan ne ya ci mini farce biyu. Sabon takalmi ba na ranar tsere ba ne. A shafa man basilin a matsematsi da hammata don gudun saɓar fata.

Tsaunukan nan ba fili ne marar mai shi ba. Gidan kakannin al'ummar Eggon ne, akwai gonaki da wuraren da suke girmamawa. Mu mukan fara gaida mai unguwa, mu nemi ɗan gari ya yi mana jagora, mu kuma tambayi halin tsaro kafin mu tashi daga gida. Ba a shiga shukar mutane, ba a zubar da leda. Kada a tafi shi kaɗai, a riƙe waya mai caji, a gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Yankin Binuwai na da kububuwa, don haka a tsaya kan turba, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse. Da damina duwatsu na santsi kuma rafuka na cika ba zato.

Mai hawan jini ko asma ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara, haka ma wanda ke da sikila ko yake ɗauke da ƙwayarta. Mai zazzaɓi ba ya gudu sai ya warke sarai. A guji haɗiyar maganin kashe ciwo don a jure tsere, domin irin su ibuprofen na iya illata ƙoda idan jiki ya bushe, taramol kuwa ba a ma maganarsa. Idan jiri ko ruɗewa ko ciwon ƙirji ya zo, a tsaya nan take a nemi inuwa da taimako.

Makonni Biyu na Ƙarshe

A nan mutane da yawa ke kuskure, su ƙara ƙaimi don cike gurbin abin da suka rasa. Ƙarfin da ba a tara a wata uku ba, ba a tara shi a kwana goma. A rage atisaye zuwa kusan rabi, a yawaita barci, a ci tuwo ko shinkafa ko doya yadda aka saba. Ranar tsere a karya kumallo awa biyu ko uku kafin tashi, kuma a fara a hankali har mutum ya ji kamar yana wasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kammalawa

A Disambar 2024 muka koma wannan hanya. A hawan farko mutum biyar suka wuce ni, na ƙyale su ina tafiya dafe da gwiwa, ina cin dabinona kowane rabin awa. A gangarar ƙarshe na tarar da uku daga cikinsu, ɗaya ma a gindin ɗorawar da na taɓa zama. Na tsaya na ba shi ragowar ruwan gishiri da sukarina, muka ƙarasa tare. Ban zo na ɗaya ba, amma da ƙafata na sauko, kuma ranar Litinin na hau matakalar aji na sauko kamar kowa.

Ga 'yan'uwana ɗalibai da ke sha'awar gwadawa, Jihar Nasarawa ba ta rasa wuri ba, daga tsaunukan Eggon har zuwa yankin Farin Ruwa a Ƙaramar Hukumar Wamba. A nemi abokai, a ware wata uku ko huɗu, a fara daga matakalar da ke kusa. Idan kuma wani dattijo ya ce saukowar ce mai wuya, a saurare shi.