Yadda launin gashi ke tona asalin tsuntsayen teku masu zuwa ci-rani Afirka

Daga watan Oktoba zuwa Maris na kowace shekara, gaɓar tekun Atlantika tun daga Muritaniya da Senegal har zuwa Legas, da kuma manyan tafkunan cikin nahiya irin su Tafkin Chadi da Tafkin Biktoriya, sukan karɓi baƙuncin wasu tsuntsaye masu farin ciki da duhun baya. Tsuntsun teku ne da Turawa ke kira sigol. Ya ɗara hankaka girma, ƙafafunsa ruwan ɗorawa ne masu fata tsakanin yatsu irin na agwagwa, bakinsa ma rawaya ne da ɗigon ja kusa da tsininsa. Idan ya buɗe fukafukansa, faɗinsu kan haura mita guda da ɗoriya, wani lokaci ya kusa mita ɗaya da rabi.

Ga mai kallo daga nesa, duka garken abu guda ne. Amma kama da wane ba ta wane. A cikin tsuntsayen da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa a bakin ruwa, wani daga Birtaniya ya taso, wani daga Denmak, wani kuma daga tsibiran Finlan. Shaidar kowanne tana rubuce a gashin jikinsa, kuma iya karanta wannan shaida shi ke nuna wa masana wane daga cikinsu ke ƙaruwa, wane kuma ke neman ƙarewa.

Jinsi guda, rassa uku

Jinsin da ake magana a kansa shi ne ƙaramin sigol mai duhun baya, wanda masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa sunan kimiyya Larus fuscus a shekarar 1758. Bayan haka masana suka lura cewa tsuntsayen wannan jinsi ba su zo daidai ba a ko'ina. Waɗanda ke hayayyafa a kowane yanki suna da kamannin da suka gada kaka da kakanni, kamar yadda makiyayi ke bambance Bunaji da Rahaji da Gudali alhali duka shanu ne. Bambancin kawai shi ne, su shanu mutum ne ya zaɓi irinsu, su kuwa tsuntsaye nisan wuri da tsawon zamani ne suka raba su. Irin wannan rukuni na yanki shi ake kira reshen jinsi.

Reshe na farko shi ne graellsii, wanda aka sanya wa suna a 1857 don karrama masanin dabbobi ɗan Sifaniya, Mariano de la Paz Graells. Yana sheƙa a Birtaniya da Ayalan da Ayislan da gaɓar Faransa. Na biyu shi ne intermedius, ma'ana na tsakiya, wanda aka bayyana a 1922, kuma gidansa Denmak ne da kudancin Norwe da yammacin Suwidin. Na uku shi ne fuscus na asali, wanda ake kira sigol ɗin Baltik, mai hayayyafa a Finlan da gabashin Suwidin da arewacin Norwe har zuwa Farin Teku a ƙasar Rasha.

Akwai kuma wani ɗan'uwansu mai suna heuglini, wanda ya ci sunan Bajamushen nan Theodor von Heuglin da ya yi tafiye-tafiyen bincike a Sudan da Habasha a ƙarni na 19. Shi a can ƙuryar arewacin Rasha yake haihuwa, ya sauko yankin Larabawa da gabashin Afirka da Indiya da hunturu. Wasu masana na lissafa shi cikin rassan wannan jinsi, wasu kuma na ganin jinsi ne mai zaman kansa.

Duhun baya

Abu na farko da mai nazari ke dubawa shi ne launin baya da saman fukafukai. Ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: yayin da ake nausawa daga yamma zuwa arewa maso gabashin Turai, launin na ƙara duhu. Bayan graellsii ruwan toka ne mai duhu. Na intermedius ya fi wannan duhu, kamar gawayin da ya sha ƙura. Na sigol ɗin Baltik kuwa kusan baƙi ƙirin ne, wani lokaci da ɗan ratsin ruwan ƙasa idan gashin ya tsufa.

Da yake ido na yaudara, masana sun ari wani ma'auni daga masu sana'ar ɗaukar hoto. Kati ne na kamfanin Kodak mai matakai 20, daga fari tas zuwa baƙi wuluk. A bisa wannan ma'auni, graellsii kan faɗa tsakanin mataki na 8 da na 10, intermedius tsakanin 11 da 13, fuscus kuma daga 13 zuwa wajen 17.

Ba kowa ke iya kama tsuntsu ya gwada kati a bayansa ba, don haka akwai dabarar da ake amfani da ita daga nesa. Tsinin fiffiken dukkan rassan baƙi ne. Saboda haka sai a kwatanta bayan tsuntsun da tsinin fiffikensa. Idan iyakar da ke tsakanin toka da baƙi ta fito sarai, alamu sun karkata ga graellsii. Idan sai an ƙura ido kafin a ga iyakar, intermedius ne mai yiwuwa. Idan kuwa baya da tsini sun narke sun zama launi guda, to zancen ya koma kan sigol ɗin Baltik.

Madubi, kai da siffar jiki

Kowane fiffike yana da manyan gasu goma a gefensa na waje, kuma masana na ƙirga su daga ciki zuwa waje, wato na goma shi ne na can bakin tsini. Kusa da ƙarshen wannan gashi akwai wani farin tabo da baƙi ya kewaye, wanda ake kira madubi. A jikin sigol ɗin Baltik madubin ƙarami ne, kuma galibi a gashi na goma kaɗai yake. A jikin graellsii ya fi girma, sau da yawa kuma akan sami wani ƙarami a gashi na tara.

Kai ma yana ba da labari. A lokacin hayayyafa kan dukkan rassan fari ne fat. Amma da shigowar hunturu, wato daidai lokacin da suke Afirka, kan graellsii da wuyansa kan cika da zane-zanen toka kamar an yayyafa masa ƙasa. Shi kuwa ɗan Baltik kansa na zama kusan fari, zanen da ke jikinsa kaɗan ne.

Siffar jiki na ƙara haske. Sigol ɗin Baltik siriri ne, kansa ƙarami, bakinsa siriri, fukafukansa dogaye har suna zarce wutsiya sosai idan yana tsaye. Wannan ƙira ta dace da rayuwarsa, domin shi ne mai dogon zango a cikinsu. Graellsii ya fi kauri da faɗin ƙirji.

Lokacin sauya gashi

Alamar da ƙwararru suka fi ba muhimmanci bayan launi ita ce lokacin da tsuntsu ke zubar da tsohon gashi ya fitar da sabo. Kowane sigol baligi yana sabunta manyan gasun fiffikensa sau ɗaya a shekara, ɗaya bayan ɗaya daga ciki zuwa waje. Aikin na cin ƙarfin jiki, kuma yana barin giɓi a fiffike wanda ke rage ƙarfin tashi.

Graellsii, wanda yawancinsa ba ya wuce Sifaniya da Maroko da gaɓar yammacin Afirka, wasu ma a Birtaniya suke cin hunturunsu, yakan fara sauyin tun yana wurin haihuwa, ya kammala wajen ƙarshen shekara. Sigol ɗin Baltik kuwa tafiyar dubban kilomita ke gabansa: ya ratsa gabashin Turai, ya haye Bahar Rum, ya bi kwarin Nilu ko Bahar Maliya zuwa tafkunan gabashin Afirka, wasu kuma su karkata zuwa tsakiyar nahiyar da yammacinta. Ba zai yi wannan tafiya da fiffike mai giɓi ba. Don haka yakan jinkirta sauyin, ko ya sauya gashi ɗaya ko biyu na ciki ya dakata, sai ya isa masauki sannan ya ci gaba.

Sakamakon haka shi ne, a watan Satumba ko Oktoba, baligin da ke da baƙin baya da cikakken fiffike na tsohon gashi ya fi kama da ɗan Baltik. Wanda kuma ya riga ya sauya fiye da rabin gasunsa, mai yiwuwa daga yammacin Turai ya fito.

Inda ido ke gazawa

Duk waɗannan alamomi suna da iyaka. Na farko, haske na sauya launi. Toka guda kan yi haske a ƙarƙashin ranar tsaka, ta yi duhu da yamma ko idan tsuntsun ya juya wa rana baya. Hazon hunturu da ƙyallin ruwa ko farin yashi duka suna ruɗa ido da kyamara. Shi ya sa masana ke son kwatanta tsuntsaye biyu da ke tsaye wuri guda, suna fuskantar gefe guda, maimakon yanke hukunci kan tilo.

Na biyu, shekaru. Manyan sigol kan ɗauki kimanin shekara huɗu kafin su sami gashin manya. Ɗan shekara guda ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare, bakinsa baƙi, ƙafafunsa ba su yi rawaya ba. A wannan mataki ma'aunin toka ba ya aiki, har ma bambance shi da wasu jinsuna dabam kan zama aiki ja.

Na uku, rassan ba katanga ce ta raba su ba. A inda yankunansu suka haɗu suna auratayya. Tsuntsayen ƙasar Holan, alal misali, kamanninsu na tsakanin graellsii da intermedius. Haka nan macen intermedius mai duhu da ƙaramin jiki tana iya kama da ɗan Baltik har ƙwararre ya kasa rabewa. Wannan ne ya sa kwamitocin tantance tsuntsaye a wasu ƙasashen yammacin Turai suka daɗe ba sa amincewa da rahoton ganin sigol ɗin Baltik sai idan yana ɗauke da zoben da aka sa masa a ƙafa tun yana ɗan tsako. Zoben roba ne mai launi da haruffa, wanda ake iya karantawa da madubin hangen nesa, kuma shi ne shaidar da ba ta da ja.

Su kansu masana sun sha sauya matsayi kan dangantakar manyan sigol. A 1942 Ernst Mayr ya kafa misali da su wajen bayyana abin da ake kira jinsin zobe: wato jerin rassa da suka kewaye arewacin duniya, kowanne na auratayya da maƙwabcinsa, har bakin zaren biyu suka haɗu a Turai a matsayin jinsuna biyu mabambanta. Shekaru da dama ana koyar da haka a jami'o'i. A 2004 Dorit Liebers da Peter de Knijff da Andreas Helbig suka wallafa binciken ƙwayoyin gado da ya nuna cewa tarihin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma tsuntsayen ba su cika sharuɗɗan zoben ba. Darasin shi ne, kamannin gashi na nuna yanki, amma ba kullum yake nuna kusancin jini ba.

Abin da ke cikin lissafin

Idan aka haɗa rassan uku aka ƙirga su a dunƙule, babu abin damuwa. Hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya jinsin cikin waɗanda ba sa fuskantar barazana. Rassan yamma sun yaɗu ƙwarai a ƙarni na 20: sun fara haihuwa a Ayislan a shekarun 1920, sun koyi yin sheƙa a rufin gidaje da cin abinci a bola a biranen Birtaniya, yanzu ma ana ganinsu kowane hunturu a gaɓar Amurka.

Labarin sigol ɗin Baltik dabam yake. Adadinsa ya ragu matuƙa a Finlan da arewacin Norwe a rabin ƙarshe na ƙarnin da ya gabata, har Finlan ta sanya shi cikin jerin halittunta da ke cikin haɗari. Masanin tsuntsaye ɗan ƙasar, Martti Hario, ya shafe shekaru yana nazarin mutuwar 'yan tsaki a Mashigin Finlan. Daga cikin abubuwan da bincikensa ya gano akwai farmakin wani sigol da ya fi shi girma, da kuma tarin sinadarai masu guba a hantar 'yan tsakin, ciki har da DDE, wanda ke samuwa bayan maganin ƙwari na DDT ya ruɓe. Da yake an daɗe da hana DDT a arewacin Turai, zargi ya karkata ga hanyar ƙaura da wuraren ci-rani, inda iyaye mata ke cin kifi kafin su koma su yi ƙwai.

A nan ne batun ya shafi Afirka kai tsaye. Kowane watan Janairu ana gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar Wetlands International, aikin da aka fara tun 1967. Yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kuma ta tanadi cewa duk fadama ko tafkin da ke ɗaukar kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar wani jinsi ko reshen jinsi na tsuntsun ruwa a kai a kai, ya cancanci matsayin muhimmanci na duniya. Saboda haka garken da ba zai ja hankali ba idan na graellsii ne, yana iya ɗaga darajar tafki idan na ɗan Baltik ne. Najeriya da Nijar da Chadi da Gana duka suna cikin wannan yarjejeniya, haka kuma suna cikin ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka cimma a 1995.

Mai son gwada idonsa a bakin ruwa sai ya fara da ware ɗan gida daga baƙo. Sigol mai tokar kai, wanda ke zaune a Afirka duk shekara kuma ake samunsa a yankin Tafkin Chadi, ƙarami ne, bayansa toka mai haske, bakinsa da ƙafafunsa jajaye. Bayan an ware shi, sai a nemi baligi cikin masu duhun baya, a kwatanta bayansa da tsinin fiffikensa, a dubi kansa, a lura ko akwai giɓi a fiffike idan ya tashi, a rubuta ranar da wurin. Idan an yi sa'a akwai zobe a ƙafarsa, launin zoben da haruffansa sun isa cibiyar da ta sanya shi ta faɗi tsibirin da aka ƙyanƙyashe tsuntsun da shekarar da aka yi hakan.